NAZARI: Hayaƙin murhu a Abuja, tsakanin huhun mai girki da bishiyar kaɗanya

Duk wanda ya biyo hanyar Keffi zuwa Abuja da sassafe, ko ya shigo ta Zuba daga ɓangaren Suleja, da wuya ya kai gari bai ci karo da motocin da aka laftawa buhunan gawayi ba, suna tafe suna rangaji saboda nauyi. Kafin rana ta take, kayan sun watsu a Mararaba da Nyanya da Karmo da Dei-Dei da Mpape. Daga nan sai a zazzage buhu a kasa shi ƙulli-ƙulli a leda, kowa ya sayi daidai aljihunsa. Da magariba kuma, musamman a lokacin hunturu da iska ke kwantawa ƙasa-ƙasa, hayaƙin girkin dare kan haɗu da hazo ya lulluɓe waɗannan unguwanni, har mai wucewa ya ji ƙaurinsa a maƙogwaro.

Wannan kuwa yana faruwa ne a babban birnin ƙasar da ta fi kowace ƙasa a Afirka arzikin iskar gas a kwance a ƙarƙashin ƙasa, wadda har ta ware shekara goma cur, tun daga watan Maris na 2021, ta kira su shekarun gas. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kusan gida 7 cikin kowane 10 a Najeriya da itace ko gawayi ko makamantansu suke girki, kuma waɗanda ke amfani da makamashi mai tsafta ba su wuce kashi 15 cikin 100 ba. Abuja ta fi yawancin jihohi yawan masu tukunyar gas, amma Abuja ba Maitama da Asokoro kaɗai ba ce. Ƙananan hukumomi 6 ne a yankin: Birni da Kewaye, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji. A ƙauyukansu da yawa ba a taɓa barin murhun duwatsu uku ba, balle a ce an dawo masa.

Yadda aka koma kan kurfoti

Mazauna birni da suka manyanta suna tuna zamanin risho, lokacin da kananzir ne makamashin talakan birni. Suna kuma tuna yadda ƙarancinsa a shekarun 1990 ya haifar da murhun garin katako da aka laƙaba wa suna Abacha, sunan da har gobe ake kiran wasu murhunan gawayi da shi. A farkon 2016 gwamnati ta janye tallafin kananzir, farashinsa ya dinga hawa har ya fi na fetur, risho ya koma kayan tarihi a gidaje da dama. A tsakanin nan ne gas ya samu shiga. Ƙaramar tukunya mai murhu a kanta ta shiga ɗakunan gwauraye da ɗalibai da amare, shagunan ɗura gas suka cika lunguna.

Sai farashi ya juya. A 2020, cika tukunya mai kilo 12.5 bai fi naira 4,000 da 'yan kai ba, a lissafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Zuwa ƙarshen 2024 ya kai kusan naira 17,000. A tsakanin waɗannan shekaru an janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, an kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, alhali ana auna farashin gas da dala ko da a gida aka samar da shi. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 shi ne naira 70,000. Ke nan ma'aikacin da ke kan wannan mataki sai ya ba da kusan rubu'in albashinsa kafin ya cika tukunya ɗaya, bai sayi hatsin da zai dafa ba tukuna, bai biya kuɗin motar Nyanya zuwa Sakatariya ba. A watan Oktoban 2025 ma, bayan yajin aikin ƙungiyar PENGASSAN kan rikicinta da matatar Ɗangote, gas ya yi ƙaranci a manyan birane, farashi ya sake tashi, aka ga dogayen layuka a wuraren ɗurawa.

Wutar lantarki ba ta zama mafita ba. A watan Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin A daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 kan kowace yunit. Waɗanda ke sauran rukunai kuwa, ba a dafa wake da wutar da ba a san lokacin zuwanta ba.

Akwai wani abu da masu tsara manufofi kan tsallake. Matar da ta sayi gawayin leda ba lallai ne ta fi mai gas samun sauƙi a ƙarshen wata ba. Sau da yawa idan aka tara abin da ta kashe kullum, ya kan kusanci kuɗin gas. Bambancin shi ne gawayi yana karɓar kuɗin yau, ba ya neman tukunya da murhu da tiyo da za a saya a dunƙule. Wanda ke samun na abinci kullum-kullum, kullum-kullum yake sayen makamashi. Don haka yekuwar da ake yi a rediyo cewa hayaƙi na da illa ba ta gaya wa wannan mata abin da ba ta sani ba. Idanunta da ke zubar da ruwa a bakin murhu sun riga kowa faɗa mata.

Abin da hayaƙi ke yi wa jiki

Itace ba ya ƙonewa ƙurmus a murhun gargajiya. Abin da ya rage na ƙunar shi ne hayaƙi, a cikinsa kuma akwai ƙwayoyin toka ƙanana ƙwarai, waɗanda sai an jera kamar 30 daga cikinsu kafin su kai kaurin silin gashi guda. Gashin hanci ba ya tare su, tari ba ya fitar da su duka. Suna gangarawa can ƙasan huhu, wasu su ratsa su shiga jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ɗakin da iska ba ta ratsawa sosai, yawan waɗannan ƙwayoyi kan ninka abin da jiki zai iya jurewa har sau 100.

A ƙiyasin hukumar, gurɓacewar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya a 2020, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da 237,000. Abin lura a cikin wannan adadi shi ne cewa ba cutar huhu ce ke kan gaba ba. Ciwon zuciya ne ke ɗaukar kusan kashi ɗaya bisa uku, shanyewar ɓarin jiki ta biyo baya, sannan limoniya da toshewar hanyoyin numfashi da kansar huhu. Hayaƙin yana kuma da hannu a yanar ido da haihuwar jarirai marasa nauyi. A Najeriya, adadin da jami'an gwamnati suka daɗe suna ambatawa shi ne mutum kimanin 95,000 a shekara. Tsohon ƙiyasi ne, kuma yadda ake maimaita shi shekara da shekaru ba tare da sabo ba ya nuna ƙarancin aunawar da ake yi a cikin gida.

Wahalar wannan kisa ita ce ba ya barin shaida. Babu likitan da zai rubuta wa mamaci cewa murhu ne ajalinsa. Za a ce hawan jini, ko a ce sanyi ya kama yaro. Mace mai shekara 50 da ba ta taɓa riƙe karan sigari ba za ta zo asibiti da numfashi irin na tsohon mashayi, bayan ta shafe shekara 30 tana tuƙa tuwo a madafi marar taga. Jaririn da ke goye a bayanta yana shaƙar abin da take shaƙa, da huhun da bai gama ƙwari ba. Masu sana'a sun fi kowa shan wannan: mai ƙosai da ke zaune gaban kasko tun asuba, mai tuwo-tuwo a bakin tasha, mai tsire a gaban tukuba, masu suyar garin rogo a ƙauyukan Kwali da Abaji, da ma'aikatan gidajen burodin da ke gasa da itace.

Gawayi kuma yana da tasa yaudarar. Da yake ba ya hayaƙi kamar ɗanyen itace, sai a ɗauka ba shi da illa, a shigar da kurfoti ɗaki. Amma garwashinsa na fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid, marar launi, marar wari, wadda ke manne wa jini fiye da iskar numfashi sau 200 da ɗoriya. Alamominta na farko ciwon kai ne da jiri da kasala, abin da mutum zai ɗauka gajiya ce ya gyara kwanciya. Shi ya sa kaskon jin ɗumi a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga a daren hunturu kan kashe mutanen gida ɗaya a dare ɗaya, kamar dai yadda hayaƙin janareta ke yi.

A Ingila ma ana ta muhawara kan murhun itace, amma ta wata fuska daban. Can masu hali ne ke sa shi a falo don marmari, har ƙona itace a gidaje ya zama ɗaya daga cikin manyan hanyoyin gurɓata iskar birane, aka hana sayar da ɗanyen itace a ƙananan ƙulli tun daga watan Mayun 2021. Hukuma a Landan za ta iya cewa a kashe murhu, kowa ya koma kan gas ko lantarkin da ke gidansa. Wanda ya faɗi haka a Karmo, ya ce ne a kwana da yunwa.

Daji na biyan bashin birni

Murhun duwatsu uku ɓarnatacce ne: abin da ke isa gindin tukunya daga zafin itacen bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba, sauran iska ke kwashewa. Gawayi ya fi ɓarna tun kafin ya iso kasuwa. A yadda ake yinsa a daji, a jera gungume a rufe da ciyawa da ƙasa a cinna wuta, sai an ƙone kilo 5 zuwa 10 na itace kafin a samu kilo guda. Kowane buhu da aka sauke a Dei-Dei, ninkinsa da yawa ne aka sare a Nasarawa ko Neja ko kudancin Kaduna.

Ya kamata a bambanta matar Gbagyi da ke ɗauko busassun rassa a kafaɗarta daga gona da ɗan kasuwar da ke shiga daji da injin yanka. Ita mafi yawa abin da ya mutu take tsinta. Shi kuwa rayayyar bishiya yake nema, kuma ba kowace iri ba. Gawayi mai nauyi da daɗewa a wuta daga itatuwa masu tauri yake fitowa: ƙirya da marke da kaɗanya. Kaɗanya kan shafe shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, kuma ba a saba dasa ta ba, a gonaki da dazuzzuka take tsirowa da kanta. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen samar da ƙwallon kaɗe, jihar Neja da ke maƙwabtaka da Abuja na cikin manyan cibiyoyinsa. A watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗe zuwa waje na wata 6, domin a riƙa sarrafa shi a gida a samu ƙarin riba. Manufa ce mai ma'ana, sai dai masana'antar man kaɗe ba za ta tsaya ba idan uwar bishiyar na tafiya Abuja a cikin buhu. Matan karkarar da ke tsintar ƙwallon su ne farkon masu asara.

Gaskiya ne cewa ba girki kaɗai ke cin dajin yankin ba. Faɗaɗa gonaki da yanka filayen gidaje da fasa duwatsu sun ci nasu rabon, kuma birnin da aka tare a cikinsa ranar 12 ga Disambar 1991 ya daɗe da tsallake iyakokin da masu zanensa suka hango. Akwai kuma gawayin da ake lodawa a kwantena zuwa ƙasashen waje, wanda gwamnatin tarayya ta sha haramtawa, ta sha kuma janye haramcin. Amma buƙatar birni ita ce wadda ba ta hutu, rani da damina.

Jihohi irin su Nasarawa da Neja da Kwara da Jigawa sun sanar da hana yin gawayi ko sare bishiyoyi dominsa a lokuta daban-daban. Motocin ba su daina zuwa ba. Haramcin da bai zo da madadi ba, abin da ya fi haifarwa shi ne ƙarin kuɗin shingen hanya, wanda a ƙarshe mai sayen leda ce ke biya. Kuma saurayin da ke haƙa ramin gawayi a ƙauye, galibi sana'ar rani ce gare shi, ba shi da wata.

Rabon murhu ba ya maganin komai da komai

A watan Nuwamban 2014, Majalisar Zartaswa ta Tarayya a ƙarƙashin Shugaba Goodluck Jonathan ta amince da kashe naira biliyan 9.2 don sayo murhunan zamani 750,000 da jakunkunan riƙe zafin abinci 18,000, a raba wa matan karkara. Shirin ya sha suka tun daga ranar farko, gwamnati ta sauya a 2015, aka shiga taƙaddama kan kwangilar, kuma mafi yawan matan da aka yi da sunansu ba su ga komai ba. Kusan shekara 10 bayan haka, a watan Maris na 2024, majalisar ta amince da Manufar Girki Mai Tsafta ta Ƙasa, wadda Ma'aikatar Muhalli ta gabatar. A watan Oktoban shekarar an cire harajin VAT daga gas ɗin girki da kayan girki mai tsafta, Ƙaramin Ministan Gas Ekperikpe Ekpo kuma ya ba da umarnin daina fitar da gas ɗin girkin da aka samar a gida daga 1 ga Nuwamba. Matakai ne da suka fi na 2014 hankali, amma farashin kilo bai sauko inda mai albashin naira 70,000 zai daina lissafi ba.

A nan akwai wani darasi daga binciken kimiyya da bai cika shiga jawaban taro ba. Murhun zamani mai tattalin itace, irin wanda ake ƙerawa a Kano, yana rage yawan itacen da ake ƙonawa ƙwarai. Wannan alheri ne ga daji da kuma aljihu. Amma rage itace daban, kare huhu daban. A Malawi an yi gwaji da yara fiye da 10,000, aka bai wa wasu gidaje murhu mai fanka da ke ƙona itace da kyau, sakamakon da mujallar Lancet ta wallafa a 2017 bai nuna raguwar limoniya a tsakanin yaran ba. Ko babban gwajin da aka yi da mata masu juna biyu 3,200 a Guatemala da Indiya da Peru da Ruwanda, inda aka ba rabinsu gas kyauta, ya rage hayaƙin da suke shaƙa sosai, amma bai nuna wani bambanci na a zo a gani ba a nauyin jariran da suka haifa. A Ibadan kuwa, gwajin da aka yi da mata masu juna biyu 324 ya nuna cewa waɗanda aka bai wa murhun itanol sun samu sauƙin hawan jini idan aka kwatanta da waɗanda suka ci gaba da itace ko kananzir.

Fassarar da ta fi kusa da hankali ita ce, gida ɗaya ba ya tsira shi kaɗai. A gidan haya mai ɗaki 10 a Mpape, wadda ta koma gas tana shaƙar hayaƙin maƙwabtanta 9, ga na janareta, ga na bolar da ake ƙonawa a bayan gida. Bayan haka, da wuya a samu gidan da ya saki tsohon murhu gaba ɗaya. Gas na shayi ne da ɗumame, wake da tuwon taro na gawayi. Saboda haka ƙirga murhunan da aka raba ba awo ba ne. Awon shi ne girki nawa aka yi a kansu bayan wata 6.

Ƙasashen da suka yi nisa a wannan fanni sun gane hakan ta hanya mai tsada. Senegal ta fara shirin mayar da gidaje kan gas tun 1974, da ƙananan tukwane da tallafin farashi, har Dakar ta zama birnin gas. Indonesiya ta ƙaddamar da nata a 2007 da tukunya mai kilo 3, ta kai wa gidaje sama da miliyan 50, amma har yau tana ɗauke da nauyin tallafin. Indiya ta raba wa mata matalauta tukwane sama da miliyan 100 tun daga 2016, sai ta tarar da yawansu ba sa iya sake cikawa a kai a kai, dole ta ƙara tallafi a kan cikon. A taron da Hukumar Makamashi ta Duniya ta shirya a Paris ranar 14 ga Mayun 2024, an yi alƙawarin dala biliyan 2.2 don girki mai tsafta a Afirka, alhali hukumar da kanta ta ce nahiyar na buƙatar dala biliyan 4 kowace shekara.

Gwamnatin da ta janye tallafin fetur da ƙyar ba za ta so jin kalmar tallafi ba, kuma tana da hujja, ganin yadda na kananzir ya ƙare a aljihun dillalai. Amma tallafin da aka ɗaura wa ƙaramar tukunya, ga gidajen da ke cikin rajistar masu ƙaramin ƙarfi, ba ɗaya yake da zuba kuɗi a kan kowace lita ba. Abuja kuwa ita ce wurin da ya fi dacewa a gwada: ba ta da faɗi kamar jiha, tana da hanyoyi, tana da wuraren ɗura gas, kuma gwamnatin tarayya ce ke gudanar da ita kai tsaye ta hannun minista, babu gwamna ko majalisar jiha da za a jira.

Akwai kuma abin da ba ya buƙatar biliyoyi. Manyan masu cin itace a yankin ba gidaje ba ne ɗaiɗai: makarantun kwana ne da gidajen gyaran hali da gidajen burodi da sansanonin 'yan gudun hijira irin na Durumi da Kuchingoro da Wassa. Sauya tukwanen makarantar kwana ɗaya ya fi raba murhu ɗari a wurin taro tasiri, kuma ya fi sauƙin bibiya. A asibitocin sha-ka-tafi, ma'aikaciyar da ke awon ciki za ta iya ƙara tambaya ɗaya a kan waɗanda take yi: da me ake girki a gida, kuma a ina? Daga amsar za ta iya ba da shawarar da ba ta cin ko kwabo, wato a fitar da murhu tsakar gida, a yi amfani da busasshen itace, a daina hura wuta da leda ko roba, a sauke goyo kafin a tsuguna gaban tukunya, kada kuma a kwana da garwashi a ɗaki. Hukumar Kare Muhalli ta Abuja, wadda jama'a suka fi sani da kwashe shara da korar masu talla, ita ce ya dace ta kafa na'urorin auna iska a Nyanya da Karmo da Gwagwalada, ta riƙa wallafa sakamakon kowane wata, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu.